Wa Zai Yi wa Takarda Tambaya?

Da zarar hadari ya fara haɗowa ta gabas, aka shiga sharar gona, ƙofar gidan mai gari ba ta rabuwa da jama'a. Haka abin yake a ƙauyukan Agye, haka a Gazawa, haka a ƙasar Gidan Rumji. Damina na ƙaratowa, rigimar iyaka na farkawa. A da, mai ƙara kan zo ne da dattijo biyu ko uku da suka san inda kakan wane ya dasa gamba, suka san gawon da ya raba gonar gidan nan da ta gidan can. Yanzu kuwa kafin a gama gaisuwa sai ka ga mutum ya cusa hannu a aljihun ƴar ciki, ya zaro baƙar leda, ya kwance ta a hankali kamar mai kwance laya, ya fito da takarda mai ninki takwas.

Na taɓa riƙe irin wannan takarda a wani zaure da ba sai na ambaci garinsa ba. Falle ɗaya ce da aka yago daga kayen ƴan lakkol, an rubuta ta da shuɗin bik, cikin Faransanci mai ɗingishi. Tana cewa wane ya sayar wa wane gonarsa ta yamma da gari a kan sefa 450.000. Ba a rubuta kuɗin da kalmomi ba, lambobi ne kawai, kuma lambar 4 ɗin ta ɗan fi ƴan uwanta kauri, kamar an bi ta sau biyu. A ƙasa akwai dangwale uku, ko in ce ɗigon tawada uku, don babu wanda zanen yatsa ya fito a cikinsa. Sai tampon mai gari, rabi ya kama rabi bai kama ba. Wanda aka ce ya sayar ya rasu. Ƴaƴansa sun tsaya kai da fata cewa jingina ubansu ya yi a shekarar yunwa, jika 150 ya karɓa, ga shi sun haɗa kuɗin sun zo fansa. Mai riƙe da gonar ya ce saye ya yi, ga takarda. Mai garin da ya buga tampon shi ma ya riga mu gidan gaskiya, yaron da ya yi rubutun kuma yana ci-rani a Libiya.

Takardar ta zagaya hannu wajen goma. Kowa ya duba, ya jinjina kai, ya miƙa wa na kusa. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya iya cewa wannan 4 ɗin a 4 aka haife ta, ko kuwa 1 ce aka yi wa ƙari daga baya. Alhali tambayar tana da amsa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zaunar da takarda su yi mata tambayoyi kamar yadda alƙali ke yi wa shaida.

Yadda takarda ta gaji dattawa

Waɗannan gundumomi uku, da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa dukkansu, suna cikin yankin da mutane suka fi cunkushewa a Nijar. Daji ya ƙare, hutun gona ya ƙare. Gandu ya rabu gida-gida, kowane rabon gado na ƙara tsaga shi, har gamanar da mace kan samu a gidan miji ta fara gagara. Marthe Doka da Marie Monimart sun yi rubutu tun a 2004 a kan yadda ƙuncin ƙasa ke fitar da matan kudancin Maradi daga noma. A ɗaya gefen ga masu kuɗin birni da ke neman filin aya da riɗi a wajejen Agye da Caduwa. Tun 2019 kuma ƙasar Gidan Rumji ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Wanda ya manta abin da rikicin ƙasa ke iya haifarwa a nan, ya tambayi labarin Toda, inda a ƙarshen Oktoban 1991 aka hallaka Fulani sama da 100, galibinsu mata da yara.

Akwai kuma tsohon tabo. A 1974 shugaban ƙasa Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce, sai masu aro da yawa suka ɗauki maganar a matsayin mallaka, masu ba da aro kuma suka shiga ɗari-ɗari. Jikokin ɓangarorin biyu har yau suna haɗuwa a gaban sarki a kan wannan.

Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo ne don ta kwantar da irin wannan ƙura. Ta daidaita haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu a rubuce, ta kuma buɗe hanyar kafa kwamitocin ƙasa da kowa ke kira Kofo: na gunduma ƙarƙashin prefe, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye wanda mai gari ke shugabanta. Kofo na ba da takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta shaidar mallakar gargajiya, kowace da irin tata, ana yin ta kofi da yawa, a ba masu ciniki, a ajiye saura a rajista. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, aikin raya karkara na PPILDA ya taɓa gwada auna gonaki ɗaya bayan ɗaya a gaban maƙwabta kafin a ba kowa takardarsa.

Tsarin yana da kyau a inda ya kama. Sai dai ya koya wa jama'a darasi ɗaya da sauri fiye da sauran: mai takarda shi ke gaba. Masu gaskiya suka ji, marasa gaskiya ma suka ji. Ƙananan takardun hannu da ake yi a zaure, ba rajista ba kofi, suka yawaita. Tampo kuwa ba wuyar sassaƙawa gare shi ba, kuma duk garin da ke da lantarki yana da mai kwamfuta da injin fotokofi.

Abin da gwani ke nema

A ce takardar nan ta zaurenmu ta isa teburin mai binciken takardu. Abu na farko, zai ce a ba shi ta asali, ba hotonta ba. Fotokofi yana shafe rabin labari: ba ya nuna nauyin hannu, ba ya nuna ramin da bakin bik ya yi a jikin takarda, kuma a cikinsa ana iya yanko sa hannun wani daga wata takarda a liƙa ba tare da an ga tabo ba.

Sai ya sa lambar 4 a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mai rubuta 4 da gaske yana da yadda yake ɗaga hannu ya sauke, mai mayar da 1 zuwa 4 kuwa dole ya ƙara layuka a kan abin da ya riga ya bushe, kuma mahaɗar kan tona shi. Idan bik biyu ne aka yi aiki da su, ko da duka shuɗaye ne a ido, sau da yawa suna rabuwa a ƙarƙashin wani haske da idon mutum ba ya gani: ɗaya ta ɓace, ɗaya ta tsaya, sai tsohuwar lambar ta fito ita kaɗai. Inda aka kankare ko aka goge da ruwan wanki, zaren takardar kan tashi, wani hasken kuma ya nuna wurin kamar tabon ƙuna. Zai duba ko rubutun ne a kan tampo ko tampon ne a kan rubutu, domin akwai masu samun farar takarda da aka riga aka buga wa hatimi su cika ta da abin da suka ga dama.

Sa hannu shi ma yana da halinsa. Babu wanda ke sa hannu sau biyu iri ɗaya sak, saboda haka idan biyu suka hau kan juna daidai ba ragi, to an ɗora ɗaya ne an bi sawun ɗaya. Mai kwaikwayo zane yake yi, ba rubutu ba. Hannunsa na tafiya a hankali, yana rawa a kwana, yana tsayawa a inda mai abin ba ya tsayawa, farkon layinsa da ƙarshensa kuma a dakushe suke, ba su da sirantar da gudun hannu ke bari.

Har abin da ba a rubuta a kan fallen ba yana iya magana. Wanda ya yi rubutu a kaye yakan bar sawu a fallen da ke ƙasa, sawun da ido ba ya gani. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙera wata na'ura a Ingila mai fito da irin wannan sawu, kuma tana cikin abin da ya nuna cewa an sake rubuta wasu bayanan ƴan sanda a shari'ar mutum shida na Birmingham, waɗanda aka sako a 1991 bayan shekara 16 a kurkuku.

Amma akwai wani sashe na wannan ilimi da ba ya bukatar na'ura ko ɗaya, kuma shi ne ya fi dacewa da mu.

Sa hannun wanda ba ya kan kujera

Nijar ta taɓa shiga bakin duniya saboda takardar bogi. A farkon shekarun 2000 wasu wasiƙu suka ɓulla ta Italiya, ɗauke da tambarin gwamnatin Nijar, suna cewa an ƙulla cinikin sayar wa Iraƙi tan 500 na uraniyom. A watan Janairun 2003 shugaban Amurka George Bush ya ambaci batun neman uraniyom daga Afirka a jawabinsa ga majalisa. Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, ba su ɗauki wani dogon lokaci ba. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan Oktoban 2000 da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Hakan bai hana yaƙin Iraƙi ba, an fara shi kafin watan ya ƙare. Sai dai abin lura shi ne, duk wani tsohon ma'aikaci a Yamai da aka nuna wa wasiƙar nan zai gane ta kafin shayinsa ya huce.

Malamanmu sun san wannan dabara tun kafin a haifi kimiyyar zamani. A ƙarni na biyar na Hijira aka kawo wa wazirin Bagadaza wata takarda da ke cewa an yafe wa Yahudawan Haibara jiziya, da sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa Haɗib al-Bagdadi, ya duba ya ce ƙirƙira ce. Hujjarsa: a cikin shaidun akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu a shekara ta 5, shekara biyu kafin yaƙin Haibara, akwai kuma Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai a shekarar buɗe Makka.

Mu dawo gida. Gazawa ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai a 2011, kafin nan tana ƙarƙashin Agye. Saboda haka takardar da ke da kwanan watan 2005 amma kanta na cewa gundumar Gazawa, ta yi wa kanta shaida. Kafin sauye-sauyen farkon shekarun 2000, Maradi ce ake kira gunduma, sunan da yau ake kiran Agye da Gidan Rumji da shi, su kuma suna da wani suna na daban da mai mulki mai wani laƙabi. Ƙananan hukumomin karkara irin su Gangara, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa ba su samu zaɓaɓɓun magadan gari ba sai bayan zaɓen 2004. Takardar 1996 mai ɗauke da hatimin ɗaya daga cikinsu ba ta bukatar a kai ta ko'ina. Haka ma wadda mai gari ya sa wa hannu shekara biyu kafin a naɗa shi. Ko tampo yana tsufa: harafi ya gutsure, gefe ya cinye. Idan takardar da aka ce ta tsufa tana ɗauke da gutsurewar da tampon bai yi ba sai bara, an gama magana.

Irin wannan kuskure har manya na yi. A 2017 aka kama wata takarda ta iyalan firaministan Pakistan Nawaz Sharif mai kwanan watan 2006, an buga ta da salon haruffan kwamfuta na Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007.

Gwani ma ɗan Adam ne

Kada a ɗauka duk abin da gwani ya faɗa ya zauna. A 1894 Faransa ta ɗaure hafsan soja Alfred Dreyfus bisa zargin cin amanar ƙasa, a kan wata ƴar takarda da Alphonse Bertillon, mutumin da ake ji da shi a ƴan sandan Faris, ya rantse rubutunsa ne. Na wani hafsa ne mai suna Esterhazy. Sai 1906 aka wanke Dreyfus. Zuwa 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya sama da mak miliyan 9 don littattafan da aka ce Hitila ya rubuta da hannunsa, masu duba rubutu suka gwada suka ce nasa ne. Ashe wasu daga cikin samfuran da aka ba su don gwadawa, shi maƙirƙirin, Konrad Kujau, shi ya rubuta su. Gwajin takarda da zaren ɗinki ne ya tona asiri, da aka tarar da sinadaran da ba a fara aiki da su ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Wannan labari na biyu ya shafe mu kai tsaye. Ba a gane jabu sai da na gaske a gefe. To ina na gasken? Mai garin da ya rasu shekara 15 da suka wuce, wa ya ajiye sa hannunsa? Sannan ga ajami. Yawancin wasiyyoyi da rabon gado da takardun bashi a karkara malamai ne ke rubuta su, wasu har yanzu da alƙalamin kara da tawadar ƙaro. Almajiran malami ɗaya hannunsu kan yi kama ƙwarai, domin allo ɗaya suka kwaikwaya. Gwanin da aka horar da haruffan boko zai iya ɗaukar abin da duk makarantar ke yi ya ce alamar mutum ɗaya ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa rubutu na kama da rubutu, shi ya sa wasu mazhabobi suka yi ɗari-ɗari da shi, Malikiyya kuma da suka karɓi shaida a kan rubutun mamaci suka gindaya mata sharuɗɗa. Alƙalan da suka karanta Tuhfa ta Ibn Asim sun san wurin.

Dangwale kuma, wanda ya kamata ya fi kowane sa hannu ƙarfi tunda zanen yatsa ba ya haɗuwa, mu muke kashe shi da hannunmu. A tsoma yatsa cikin tawada har ya jiƙe, a danna a murza. Abin da ya rage a takarda bai fi sawun kaza a laka amfani ba.

Daga zaure zuwa gidan juji

Doka ta ce rigimar gona ta fara biyawa ta hannun sarakuna don sulhu, daga mai gari zuwa sarkin kanto, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, sannan a wuce kotu, inda juji ke zama da mashawarta masana al'ada. Yin takardar ƙarya da aiki da ita laifi ne mai ɗauri a dokar ƙasa, kuma alƙali na da ikon sa a gwada rubutu ko a nemi gwani. Manya ma ba su tsira daga irin wannan tuhuma ba: shari'ar jariran da aka ce an shigo da su daga Nijeriya, wadda ta tashi a 2014 har ta kai ga yanke wa babban ɗan siyasa Hama Amadou ɗaurin shekara ɗaya a 2017, duk da ya musanta ya ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa, a kan takardun haihuwa ta ginu.

Amma manomin Gangara ba Hama ba ne. Cibiyar ƴan sandan kimiyya tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maradi. A shari'ar da ba ta laifi ba, wanda ya nemi gwani shi ke fara ajiye kuɗin aikin. Tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel, da ta shekara fiye da goma tana horar da jami'an tsaro, har da fannin gane takardun bogi, gwamnati ta kawo ƙarshen aikinta a Disamban 2023, kuma dama hankalinta ya fi karkata ga fasfo da katin shaida a kan iyaka, ba ga fallen kaye na gonar kadada ɗaya ba. Shi ya sa shari'o'i da yawa kan ƙare a inda suka saba ƙarewa, a ɗauko Alƙur'ani. Rantsuwa tana da kwarjini a ƙasar nan, ba na raina ta. Sai dai ɗan da ya gaji takarda a akwatin ubansa zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan ƙaryar da bai san an yi ba.

A ganina, kafin a yi maganar na'urori, akwai aikin da bai fi ƙarfin kowace gunduma ba. Kowane Kofo na gunduma ya buɗe littafi ɗaya da ke ɗauke da sunan kowane mai gari da sarki, ranar naɗinsa, ranar barinsa, sa hannunsa, da bugun tamponsa sau ɗaya a kowace shekara. Sakatarorin Kofo na ƙauye a koya musu ɗaukar dangwale mai tsabta da rubuta kuɗi da lambobi da kuma kalmomi. A haɗa malaman ajami biyu ko uku da jami'an da suka san aikin, su koyi na juna. Rajistar da gara ke ci a kwali a kusurwar ofis, a ɗauke ta hoto a adana.

Kai kuma mai gona, idan za ka sayar, ko ka jinginar, ko ka ba da aro, kada ka tsaya a fallen kaye. Je Kofo, a rubuta irin cinikin da sunansa, a karanta maka da Hausa a gaban maƙwabtan iyaka kafin ka dangwala, ka tabbata an shigar da shi rajista. Ta asalin ka ajiye ta a inda ruwa da gara ba sa kai, kada ka bari a manne ta da roba mai zafi, domin wannan na rufe hanyar bincikenta. Wanda ya nemi gani, ba shi fotokofi. Ka kuma nuna wa matarka da ƴaƴanka inda take tun kana da rai.